Ido Ba Mudu Ba Ne: Martani Ga Mai Cewa A Bar Awon Jarirai

Akwai wata maƙala da ke ta yawo tsakanin iyaye a 'yan kwanakin nan, ta zo da magana mai sanyaya zuciyar duk uwar da ta taɓa dawowa daga asibiti da goyo a baya da damuwa a ciki. Marubucinta, wanda daga salon maganarsa ka san mai tausayin mata ne, ya ce awon jarirai da ake yi wata-wata bai tsinana mana komai ba sai tayar da hankali. A ganinsa, sikeli da katin da ake zana layi a kai kayan Turawa ne, da 'ya'yansu aka gwada, don haka ba za su taɓa yi wa ɗan Bahaushe adalci ba. Ya ce jaririn da bai yi ƙiba ba yawanci ƙirar gidansu ce, kuma kakanninmu sun raini 'ya'ya goma-goma ba su san kilo ba, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In kuwa da gaske yaro na ramewa, to laifin masu hana shi ruwa da koko ne har wata shida a ƙasa mai zafi irin tamu. Game da zama da rarrafe da tafiya, ya ce kowane yaro da lokacinsa, nauyi bai shafe su ba, kuma shi dai bai taɓa ganin magidanci yana rarrafe a kasuwa don ya makara yana jariri ba. Ya rufe da roƙon a ƙyale mata su yi rainonsu cikin kwanciyar hankali.

Da maganar shirme ce zalla da ba ta samu shiga haka ba. Gaskiya ne akwai ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya, wanda zai yi ta bin layin ƙasa-ƙasa a kati yana wasansa yana dariyarsa, ba abin da ke damunsa. Gaskiya ne jaririn da ke shan nonon uwa yakan ɗan rage saurin ƙiba bayan wata uku ko huɗu idan aka kwatanta shi da mai shan madarar gwangwani, kuma wannan ba ciwo ba ne. Gaskiya ne kuma akwai ma'aikatan da ke yi wa uwa tsawa a gaban jama'a kamar ita ta zaɓi ɗanta ya rame. Inda Malam marubucin ya kauce hanya shi ne, ya ɗauko gaskiyar da ta shafi lafiyayyen yaro ya lulluɓe marar lafiya da ita. Matsayina a fili yake: tsayawar nauyin jariri ita ce alamar da ke fara bayyana idan wani abu ya lalace, ita ce kuma mafi arhar ganewa, kuma wanda ya ce a daina dubanta ya zaɓa wa yaron jira a lokacin da jira ya fi kowane abu tsada.

Mu fara da batun cewa kati na Turawa ne. Wannan al'ada ta auna yaro kowane wata a zana masa layi a katin da uwa ke riƙewa a gida, a Najeriya ta yi tashe. Likitan yara David Morley ne ya tsara ta a ƙauyen Imesi-Ile da ke kusa da Ilesha, a jihar Osun ta yau, tun ƙarshen shekarun 1950, bayan ya ga yadda ƙyanda da gudawa da tamowa ke kwashe yaran ƙauyen. Shi kansa Bature ne, ba musu, amma yaranmu ne suka sa aka ƙirƙiro abin. Da Malam ya yi wannan ƙorafi kafin 2006 da yana da abin kamawa, domin ma'aunin da duniya ta yi ta amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1970 daga yaran Amurka aka samo shi, galibinsu masu shan madarar gwangwani. Wannan aibi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da bincike daga 1997 zuwa 2003 a kan yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. An zaɓi yaran da ke shan nonon uwa, waɗanda iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba sa cikin ƙunci. Abin da aka gano ya ba mutane da yawa mamaki: ɗan Accra da ɗan Oslo da ɗan Delhi kusan tafiya ɗaya suke yi a girma, bambancin ƙasa da ƙasa bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na bambancin tsawon da aka gani ba. Layin da ke kan ma'aunin da aka fitar daga wannan bincike a 2006 da jinin Afirka a cikinsa. To wane Bature ne kuma ya rage da za mu ɗora wa laifi?

Sai batun ƙirar gida, wanda shi ne ya fi kwantar da hankali, kuma shi ya fi haɗari. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Kudu maso Gabas kuwa kashi 18. Binciken ya kuma nuna cewa a gidajen da suka fi talauci fiye da rabin yara sun tsumbure, a gidajen da suka fi wadata kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wace irin ƙira ce wannan da ke duba rumbun uba kafin ta sauka a kan ɗa? Yaya aka yi ƙirar take barin Bahaushe da zarar ya samu albashi mai kyau da famfo a tsakar gida? Akwai gado a cikin lamarin, amma ba irin wanda Malam ke nufi ba. Yarinyar da ta tsumbure tana ƙarama, aka aurar da ita jikinta bai gama ginuwa ba, ta yi goyon ciki da ƙarancin jini, ita ce za ta haifi ɗan da bai kai kilo biyu da rabi ba. Shi ma ya taso ƙarami, sai dangi su kalle shi su ce ai uwarsa ya ɗauko. Yunwa ce ake gada daga uwa zuwa ɗa, mu kuma muka raɗa mata suna mai daɗi don kada ta dame mu.

Kakanninmu kuwa, Allah ya jiƙansu, a tambayi duk tsohuwar da ke raye ta lissafa haihuwarta. Za ta ce goma, sannan ta ce biyar suka tsaya, ko huɗu. Waɗanda suka tsaya su ne Malam yake gani yana kafa hujja da su, sauran ba su da bakin ba da shaida. Ko a 2018, cikin kowane yaro dubu da aka haifa a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma adadin yankinmu ya ɗara na ƙasa baki ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa rashin isasshen abinci mai gina jiki yana ƙarƙashin kusan kashi 45 cikin ɗari na mutuwar ƙananan yara a duniya. Ba kasafai ake cewa yunwa ta kashe yaro ba. Za a ce gudawa ce, ko zazzaɓi, ko ƙyanda, ko ciwon haƙori, alhali ramar da ta riga su zuwa ita ce ta buɗe musu ƙofa.

Ido ya san kima, in ji Malam. To amma mutumin da ba zai yarda a zuba masa gero a buhu ba sai an auna tiya-tiya a gabansa, shi ne zai yarda a ƙiyasta lafiyar ɗansa da kallo? Ido yana da rauni a wannan fage ta fuska da dama. Uwa tana tare da ɗanta dare da rana, kuma abin da ke raguwa kaɗan-kaɗan ba ya bayyana ga mai kallonsa kullum. Sannan ido yana kwatanta yaro ne da yaran maƙwabta, a unguwar da fiye da rabin yara suka tsumbure kuwa, tsumburarre shi ne daidai. Mafi muni, akwai nau'in tamowar da ke zuwa da kumburi, kumatu su cika, ƙafafu su yi suntum, har a riƙa yi wa uwa barka ɗanta ya yi ƙiba. Likita Cicely Williams ce ta fara bayyana wannan ciwo a rubuce a shekarun 1930 a ƙasar Ghana ta yau, inda mutanen Accra suka daɗe da sanin cewa yana kama yaron da aka yaye don an samu ƙaninsa. Idan ka danna bayan ƙafar irin wannan yaro da babban yatsa na ɗan lokaci ka ɗaga, ramin yatsan zai zauna a wurin. Ruwa ne, ba tsoka ba, kuma yaron yana bakin mutuwa.

Ya kamata a fahimci abin da sikeli ke faɗa, domin yawancin fargabar da Malam ke kuka da ita daga rashin bayani take. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, wani har kusan kashi ɗaya cikin goma, ya mayar da shi cikin mako biyu. A watanni ukun farko yakan ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a mako. Kafin wata shida ya ninka nauyin haihuwarsa, a shekara ɗaya ya kusa ninka shi sau uku: yaro namiji da aka haifa da kilo 3.3 yakan kai wajen 7.9 a wata shida, 9.6 a shekara. Waɗannan tsaka-tsaki ne, ba jarrabawar da kowa zai ci da maki ɗaya ba. Awo guda ba ya yanke hukunci, inda layin ya dosa ake dubawa. Ƙaramin yaron da layinsa ke hawa wata bayan wata lafiyarsa ƙalau, ko da a ƙasan kati yake. Babban yaron da layinsa ya miƙe wata biyu a jere, ko ya fara gangarowa, shi ne abin tsoro, ko da maƙwabta na yabon kumatunsa. Wato dai yaron da Malam ke karewa, siriri mai lafiya, kati ne babban mai wanke shi daga zargi. Idan aka jefar da katin, da me za a bambanta shi da wanda ke zubewa?

Zargin da aka yi wa shayar da nonon uwa zalla shi ne ya fi ban mamaki. A binciken 2018, kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla. Bakwai cikin goma suna samun ruwan da Malam ke nema musu, da koko, da jiƙe-jiƙe. Shawararsa ita ce ke mulki a gidajenmu tun fil azal, sakamakonta ne muke gani a alƙaluman da suka gabata. Ta yaya za a kama baƙon da bai ma gama shigowa gari ba a ce shi ya yi ɓarnar shekara da shekaru? Nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna jaririn da ake ba nono duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ƙarin ruwa. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono. Yaron da ya cika ciki da ruwa zai rage tsotso, nono kuwa gwargwadon tsotso yake zuwa, sai ya fara janyewa, sai uwa ta ce nononta ba ya isarsa, sai a ƙara koko, sai nonon ya ƙara janyewa. Ga kuma ruwan randa ko na rijiya da ke shigowa da gudawa. Idan jariri mai shan nono ba ya ƙaruwa, abin dubawa shi ne yadda yake kama mama, ko ya haɗa da baƙin kewayen ko kan kawai yake tsotsa, ko yana sha aƙalla sau takwas a yini da dare, ko ana barinsa ya ƙarar da ɓangare ɗaya kafin a juya shi don ya kai ga nonon ƙarshe mai maiƙo, ko yana fitsari sau shida ko fiye, da kuma lafiyar uwar kanta. Daƙashin da wasu ke matsewa su zubar a kwanakin farko, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro.

Inda koko ya cancanci a yi maganarsa shi ne bayan wata shida, kuma a nan ma laifinsa ya fi alherinsa. A lokacin nono kaɗai ya daina isar yaro, kuma tsakanin nan da shekara biyu ne layin yawancin yaranmu ke karyewa. Dubi kokon da ake ɗura wa ɗan wata bakwai: an tace gasara, an dama ta tsararo don ta bi ta kofi, an jefa ɗan sukari. Cikin yaron bai fi ɗaukar ƙaramin kofi ɗaya ba a zama guda, kuma mafi yawan abin da ya shiga ruwa ne. Zai ƙoshi, zai yi barci, ba zai ƙaru ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebo da cokali a karkata, in ya zube nan take kamar ruwa bai yi kaurin da zai gina jiki ba. Abin da zai gyara shi yana cikin kasuwar kowane ƙauye: garin gyaɗa ko na waken suya da aka soya, ɗan manja ko man gyaɗa, dakakken busasshen kifi, ƙwai, kabewa, garin zogale, alala mai laushi. Sau biyu zuwa uku a yini daga wata shida, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, a kwanonsa shi kaɗai ba cikin rububin yayye ba, nono kuma na ci gaba har shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Abin takaici, wannan lokaci ne ƙafar uwa ke ɗaukewa daga asibiti, domin bayan allurar mako goma sha huɗu da yawa ba sa komawa sai ta ƙyanda a wata tara. A kan wannan giɓi ne Malam yake so a ƙara wani. Ga kuma yayen dare ɗaya, da zarar an ga kwanika a kai yaro gidan kaka, ya rasa nono da uwa a rana guda, ya ƙi cin abinci, a ce zuciya ce.

Ba kuma kowace rama ce ta abinci ba, wannan ma dalili ne na awo. Jaririn da ke da huji a zuciya yakan yi gumi yana haki in yana shan nono, ya saki kafin ya ƙoshi. Tarin fuka a jikin yaro sau da yawa ba ya zuwa da tari mai ƙarfi, tsayawar nauyi ce shaidarsa. Haka cutar ƙanjamau da aka ɗauka daga uwa, da ciwon mafitsara, da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da amosanin jini, wanda ake ƙiyasta ana haifar yara kusan 150,000 da shi duk shekara a Najeriya. Duk waɗannan akwai abin yi a kansu idan an gano da wuri. Wanne ne daga cikinsu ƙarin koko zai warkar?

Yanzu ga zama da rarrafe da tafiya. A nan Malam yana da rabin gaskiya, kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da yake ƙyama shi ne ya tabbatar masa da ita. An bi yara 816 a ƙasashe biyar, har da Ghana, aka ga lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin kusan wata huɗu zuwa tara, suna rarrafe tsakanin wata biyar zuwa sha uku da rabi, suna tafiya ba dafa bango tsakanin wata takwas zuwa sha bakwai da rabi. Kimanin huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe ba sam. Don haka uwar da ɗanta bai taka ba a shekara ɗaya alhali ɗan kishiya ya taka a wata goma ba ta da abin kuka. Bakwaini kuma ana cire masa makonnin da ya rage a ciki kafin a yi masa lissafi. Amma lokacin nan mai faɗi yana da iyaka. Kowane yaro da lokacinsa magana ce mai kyau ga ɗan wata sha huɗu da bai taka ba, ba ta da wurin zama a kan ɗan wata ashirin. Jaririn da bai yi murmushi ga fuskar uwarsa ba a wata uku, wanda wuyansa bai tsaya ba a wata huɗu, wanda bai zauna ba bayan wata tara, wanda ba ya juyowa in an kira shi ko an buga ƙofa, wanda ya kai shekara ɗaya da rabi ba tafiya ba kalma ko ɗaya, ko wanda ya iya abu sannan ya daina, wannan likita yake buƙata, ba haƙuri ba.

Cewa nauyi bai shafi waɗannan matakai ba kuwa, jikin ɗan Adam bai yarda da haka ba. Ƙwaƙwalwar jariri tana ninka girmanta a shekarar farko, kuma da abin da ya ci ake gina ta. Tsokar da za ta riƙe baya a zauna, ta ɗaga jiki a miƙe, ita ma daga nan take. Yaron da abinci bai ishe shi ba jikinsa yakan yi tsimin ƙarfi: ya rage motsi, ya rage gwaranci, ya lafe a baya. Sai a yaba masa a ce yaro mai haƙuri, ba ya rigima, a bar shi a goye yini guda, ba mai yi masa wasa domin ba ya mayarwa. Ta haka rashin abinci ke jawo rashin wasa, su biyun su haɗu su danne shi. Binciken da aka yi a Zanzibar ya nuna yara masu ƙarancin jini da waɗanda suka tsumbure sun fi jinkirin fara tafiya. A Guwatemala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka kunu mai gina jiki, na wasu ƙauyukan kuma abin sha mai zaƙi. Bayan shekaru da dama aka bi sawunsu, aka tarar mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu ladan aikinsu ya fi na sauran da kusan kashi 46 cikin ɗari. A birnin Kingston na Jamaika kuma, a 1986 da 1987, an ɗauki tsumburarrun yara 129, wasunsu aka riƙa ziyartar gidajensu mako-mako har shekara biyu ana nuna wa iyaye yadda za su yi musu wasa da hira. Bayan shekara ashirin, abin da waɗannan ke samu ya ɗara na 'yan'uwansu da kusan kashi 25. Darasin biyu ne: ɓarnar tana bin mutum har girma, kuma ana iya tare ta idan an farga yaro na ƙarami.

Malam bai ga magidanci yana rarrafe a kasuwa ba. Wataƙila bai leƙa ɗakunan da ake ɓoye su ba ne. Akwai yaron da ya sha wuya wajen haihuwa bai yi kuka da wuri ba, akwai wanda shawara ta kama a makon farko idonsa ya yi ɗorawa aka tsaya jiƙa masa saiwa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, akwai wanda sanƙarau ya tafi da jinsa ba a gane ba sai da ya shekara huɗu ba magana. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka a cikin gida ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan yara, da wuyansu ya ƙi tsayawa sai a fara raɗe-raɗin ɗan ruwa ne, a yi ta hayaƙi da turare, shekarun da gashin ƙashi da horon magana suka fi amfani suna wucewa. Wanda ya ce wa iyayensu su jira lokaci bai tausaya musu ba, ya dai ɗage musu kukan ne zuwa ranar da ba sauran abin yi.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawo wa Malam, ko da shi bai kawo ta ba, ita ce talauci: me sanin nauyi zai amfana wa matar da ba ta da kuɗin ƙwai? Tambaya ce ta gaskiya, kuma sikeli ba ya cika tukunya. Amma tamowa mai tsanani yanzu tana da magani da ake bayarwa a kai gida, wato haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, wanda ƙaramin ƙunshinsa na giram 92 ke ɗauke da kalori 500. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar dubun-dubatar yara da shi a yankin Maraɗi, mafi yawansu ba tare da an kwantar da su ba. Yaron da ya rame ƙwarai haɗarin mutuwarsa ya ninka na lafiyayye sau tara ko fiye, kuma ba ya samun maganin sai an auna shi. Akwai ma abin da ya fi wannan rusa tunanin cewa awo raini ne ga basirar uwa. A Mirya da ke jihar Damagaram, an koya wa mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan tef mai launi uku, kore da ɗorawa da ja, inda ja ke nufin ƙasa da santimita 11.5 ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Matan ƙauye, da yawansu ba su yi boko ba, suka riƙa gano tamowa daidai da ma'aikatan lafiya, suna kuma kawo yaran da wuri. Uwa ba ta ƙi ma'auni ba, ba a dai saba damƙa mata shi a hannu ba ne.

Saura fargaba. Idan ma'aikaciya ta ci mutuncin uwa a layin awo, abin gyarawa halin ma'aikaciyar ne, a koya mata ta zauna ta nuna wa uwa layin ɗanta ta tambaye ta abin da yake ci. Ina kuma tare da Malam a kan cewa an cika ɗora wa mata laifi, sai dai maganin wannan shi ne a jawo maigida cikin maganar, domin shi ke cefane, shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota, kuma mahaifiyarsa ce sau da yawa ke cewa a ba jariri ruwa. Don haka roƙona ga magidanta ne kafin mata. Malam mai gida, yau da dare ka ce a ɗauko maka katin ɗanka ka duba ranar da aka auna shi na ƙarshe. In ya wuce wata guda kuma yaron bai kai shekara biyu ba, a kai shi awo a wannan makon. In layin ya miƙe ko ya gangaro, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya wuce wata tara bai zauna ba, ka raka uwarsa da kanka, kada ku baro asibitin sai an faɗa muku dalili.